Darasi na 9: Haɗa Rauta ta Biyu a Gida

Gidajenmu na Birnin Kebbi, Argungu da Jega suna da faɗi, ga katanga mai kauri. Shi ya sa modem ɗin da kamfanin waya ya sayar muku yake kamawa a zaure, amma da an shiga cikin gida sai waifai ya yi rauni. Maganin haka shi ne a ƙara rauta ta biyu, wato wata na'urar watsa waifai ban da modem ɗin, a ja mata kebul daga modem.

Kafin ku kashe kuɗi, ku juya bayan modem ɗin. Akwai ramin kebul da aka rubuta LAN a kansa? Ƙananan na aljihu galibi ba su da shi, in babu kuwa aikin ba zai yiwu ba. In akwai, sai ku sayi rauta irin TP-Link ko Tenda, da kebul na intanet. Kada tsawon kebul ɗin ya wuce mita 100.

A nan ne mutane suka fi rikicewa, don haka ku karanta a hankali. Kowace waya da ta hau waifai, modem ne yake ba ta lambar adireshi. Sunan wannan aikin DHCP. Sabuwar rauta ma da shi take zuwa a kunne. To, ba a sarki biyu a gari ɗaya. Idan dukansu suna raba lamba a layi ɗaya, za ku ga waya ta kama waifai amma shafi ya ƙi buɗewa.

Ku kunna sabuwar rautar ita kaɗai, kada ku haɗa ta da modem tukuna. Ku hau waifai ɗinta da waya. Suna da kalmar sirri suna jikin takardar da ke manne a ƙasanta. Ku buɗe Chrome, ku rubuta lambar da ke takardar, misali 192.168.0.1. Idan kun ga zaɓin Access Point, ku danna shi, ita za ta gyara sauran da kanta, sai ku haɗa ta da modem da kebul.

Tsofaffin rauta ba su da wannan zaɓin, sai an yi da hannu. A ce lambar modem 192.168.8.1 ce. Sai ku mayar da ta rauta 192.168.8.2, wato lambar ƙarshe kawai ta bambanta. Za ta mutu ta sake tashi. Ku shiga da sabuwar lambar, ku kashe DHCP. Sannan ku soka kebul daga LAN na modem zuwa LAN na rauta. Ramin WAN, wanda yawanci kalarsa daban ce, ku bar shi haka.

In komai ya cakuɗe, akwai ɗan rami a baya. Ku danna cikinsa da tsinken ashana kamar daƙiƙa 10, rautar za ta koma yadda ta fito daga kwali.

Ku ɗora ta a sama, nesa da rana, domin zafin bazara na wahalar da ita. Ku canza kalmar sirri, kada ku sa lambar wayar maigida, duk maƙwabta sun san ta. Ku sani kuma, rauta ta biyu ba ta ƙara data. Masu hawa ne za su ƙaru, sai ta fi saurin ƙarewa.

Aikin gida: ku kwafo lambar da ke ƙasan modem ɗinku a littafi, ku rubuta lambar da za ku ba rauta ta biyu, ku kawo wa malami.