Yadda ake yawon jirgin ruwa da dare a bikin fitilu na Amstadam

Ƴan uwa na Yamai da Tawa masu zuwa Turai misiyo ko sitaj ko ganin dangi a lokacin ɗari, in dai bizar Shengen ce a hannunku to don Allah ku ware yini guda ku leƙa Amstadam na ƙasar Holan. Daga Paris jirgin ƙasa awa uku da ƴan mintoci ne, daga Brussel kuwa wajen awa biyu. Tun 2012 suke yin bikin fitilu da suke kira Amsterdam Light Festival, ana farawa ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba har cikin Janairu, masu fasaha na ƙasashe daban daban su ƙera abubuwa da haske a jera su bakin ruwa da kan gadoji, wasu ma a tsakiyar ruwan, kuma ko wace shekara sababbi ake kawowa. Ana iya bi da ƙafa kyauta, amma ni dai a ganina wanda bai shiga jirgi ba rabi ya gani, don hasken da ke faɗawa kan ruwa sai kana ciki kake ganinshi da kyau.

Abin farko shi ne lokaci, kuma nan mutanenmu suke rikicewa. A lokacin ɗari agogonsu da namu ɗaya ne, ba ka canza komi, sai dai rana tana faɗuwa wajen 4 da rabi na marece, lokacin da a Yamai ba a daɗe da gama la'asar ba. Fitilun kuma wajen 5 ake kunnawa. To ka duba lokutan salla na garin a wayarka, ka yi magariba tukuna, ka zaɓi jirgin da zai tashi bayan duhu ya rufe sosai. In za ka iya kauce ma Asabar da Lahadi da hutun Nowel ka kauce, jama'a ta yi yawa, jirage su yi ta layi a bakin gada.

Sannan tike. Ka saye ta intanet kwana biyu ko uku kafin ranar, ka tabbata an rubuta sunan bikin a jiki, saboda akwai jiragen yawon dare na kullum da ba su bin hanyar fitilun. Lissafin kuɗin ba wuya, yuro ɗaya kusan sefa 656, in ka ga yuro 30 ka san kusan jika 20 kenan. Ka riƙe katin banki, wurare da dama can ba su amsar tsabar kuɗi.

Inda nike so ka tsaya ka yi tunani shi ne irin jirgin. Akwai babba mai rufin gilashi da ɗumi a ciki, akwai ƙarami buɗaɗɗe da ake ba mutane bargo. Mai tsoho ko yara ƙanana ya shiga mai rufi, babu gardama. Amma gilashin nan in mutane suka cika numfashi yana sa shi ya yi hazo, ga fitilar cikin jirgin tana dawo maka a ido, hoto ma ba ya fita. Mai lafiya ya daure ya shiga buɗaɗɗen, sai in ana ruwa. Kar ka auna sanyin da na hunturun da kake ji kan gadar Kennedy da asuba, wannan sanyi ne mai laima da iska, digiri 3 ko 4 kana zaune wuri ɗaya sama da awa guda ba motsi. Riga uku a jere, buluzon mai kauri, safa biyu, safar hannu, hular da ke rufe kunne. Hajiya a sa wando mai ɗumi ƙarƙashin zane.

Jirage da yawa daga gaban babbar tashar jirgin ƙasa ta Centraal suke tashi, ka duba lambar wurin a tikenka ka iso da minti 20, don ba su jiran kowa. Wajen tsallaka titi a kula da hanyar kekuna, jar kwalta ce, kuma ba su tsayawa.

A cikin jirgi in an miƙo maka abin sha mai tururi ka tambaya, akwai wani glühwein da suke sha, giya ce aka ɗumama da kayan ƙamshi, ka ce shokola ko shayi kake so. Ka kashe filas na waya, kuma ka sa ta aljihun ciki don sanyi yana shanye batir. Ka zauna gefe ba tsakiya ba, hoto kaɗan ya isa, sauran ka ba ido. In hanyar ta bi mashigin ruwan da ake kira Herengracht ka ɗaga kai ka dubi gidajen nan siraran na ƙarni na 17, unguwar da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2010, in ta fita kogin Amstel kuma ka jira farar gadar katako ta Magere Brug da ƙananan kwan fitila suka zagaye. Yawon yakan ɗauki minti 75 haka, saboda haka mai komawa Brussel ko Paris a daren ya duba jirgin ƙasa na ƙarshe tun kafin ya sayi tiken ruwan.