Darasi na Bakwai: Duniyoyi Nawa Ne Ke Zagaya Rana?

A gidaje da yawa nan Jos akan yi wannan gardama. Babban yaya ya ce tara aka koya masa a firamare, ƙanwarsa ta buɗe littafinta ta nuna masa takwas. Sai a juyo wurin Baba ko Inna a ce su raba. Kowannensu daidai aka koya masa a zamaninsa, kuma wannan darasi zai ba ku abin da za ku faɗa musu.

Mutanen da sun lura cewa yawancin taurari ba sa sauya wuri a tsakanin junansu. Kaza da 'ya'yanta kullum a haɗe suke. Amma akwai guda biyar masu yawo: Uɗaridu, Zuhura, Mirrihi, Mushtari da Zuhalu. Zuhura ita ce Zara matar wata da kuke gani bayan magariba, ita ce kuma Gamzaki na asuba. Masana na da suka haɗa su da rana da wata, suka ce masu yawo bakwai ne. A shekarar 1543 littafin Copernicus ya fito, ya ce rana ce a tsakiya. Da aka yarda da haka, rana da wata suka fita daga lissafi, duniyarmu ta shiga. Duniyoyin da ke zagaya rana suka zama shida.

Daga nan sai madubin hangen nesa ya fara ƙara yawansu. An gano Uranus a 1781. A 1801 wani masani a Italiya, Piazzi, ya hango Seres tsakanin Mirrihi da Mushtari, nan da shekara shida aka ƙara samun uku a kusa da ita. Littattafan lokacin duniyoyi goma sha ɗaya suke lissafawa! Da irinsu suka yi ta fitowa, aka gane tarin duwatsu ne masu bin hanya ɗaya, aka cire su. Da Neftun da aka gani a 1846, suka zama takwas.

Fuluto kuwa wani saurayi, Clyde Tombaugh, ya gano ta a Amurka a 1930, aka ce ga ta tara. Sannu a hankali aka gane ƙarama ce ƙwarai. Faɗinta kusan kilomita 2,400 ne, wata ma ya fi ta girma, kuma sai ta yi shekara 248 kafin ta zagaya rana sau ɗaya. Daga 1992 aka soma ganin wasu dunƙulallun ƙanƙara a unguwarta. A 2005 aka sami Eris, wadda ta kusa kai ta girma, ta ma fi ta nauyi. To, a ce goma ke nan? Gobe in an ga wata irinta fa?

Ran 24 ga Agusta 2006 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta kaɗa ƙuri'a a birnin Firag. Aka ce kafin a kira abu duniya sai yana zagaya rana, nauyinsa ya dunƙule shi, ya kuma share hanyarsa, wato ya fi ƙarfin duk abin da ke kusa da ita. Kamar babbar mota ce a titi, ƙanana ke kauce mata. Fuluto ta kasa a sharaɗi na uku, aka sa ta a ajin wadannin duniyoyi tare da Seres da Eris, lissafi ya koma takwas. Har yau wasu masana ba su yarda ba, musamman bayan kumbon New Horizons ya wuce ta a 2015 ya aiko hotunan tsaunukan ƙanƙara. A ganina dokar tana da amfani, don ba za a iya sa yaro ya haddace sunaye ɗari ba. Amma kada ku ce wa yara Fuluto ta ɓace. Tana nan tana zagayenta.

Aikin gida: ku zaɓi daren da ba hazo, musamman in an ɗauke wuta. Ku sa rigar sanyi, ku fita tsakar gida da littafi da fensir. Tauraro yana ƙyafta ido, duniya kuwa haskenta a tsaye yake. In kun sami mai tsayayyen haske, ku zana shi da taurari uku na kusa da shi, ku rubuta kwanan wata. Bayan mako biyu ku sake zanawa a daidai wannan lokaci, ku kawo shafukan biyu aji.