Darasi Na 6: Shuka Wake A Gwangwani Tare Da 'Yan Rabin Aji

Yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 ba ya jure dogon zama a gaban allo. Abin da ya taɓa da hannunsa shi ke zama a kansa. Saboda haka ku riƙa fitar da yara gindin darbejiya ko mangwaro tsakanin ƙarfe 8 da 10 na safe, kafin rana ta yi zafi. Minti 30 ya isa. Kada babba ɗaya ya riƙe yara fiye da 8, kuma a ƙirga su wajen fita, a sake ƙirgawa wajen dawowa.

Ku fara zagaya wurin ku kaɗai. Ku juya duwatsu da sanda saboda kunama, ku kwashe ƙaya da fasassun kwalabe. Farin ruwan tumfafiya yana cutar da ido. 'Ya'yan zurma da na bini-da-zugu da zaƙami guba ne, yaro kuwa komai baki yake kai wa. Idan akwai kududdufi ko buɗaɗɗiyar rijiya a kusa, a sauya wuri.

Kowane yaro a ba shi gwangwanin madara ko na tumatir. Ku daddake bakinsa don kada ya yanke hannu, ku huda gindinsa wuri 4 da ƙusa. A cakuɗa ƙasa kashi 2 da ruɓaɓɓen taki kashi 1. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone tsiro, kada a sa. Yaron da kansa zai cika gwangwaninsa, ya zira yatsa zurfin gaɓa ɗaya, ya ƙirga wake 3 da ƙarfi, ya rufe. A ɗauki waken dafawa wanda ƙwaro bai huda ba. Irin da aka shafa wa magani, mai ja ko kore, ba na hannun yara ba ne. Ku sa ido sosai, don yara kan cusa wake a hanci ko kunne.

Wake kan tsiro cikin kwana 3 zuwa 5, amma da hunturu yakan ɗan jinkirta. Idan mako ya wuce shiru, ku tona tare da yaron. Yawanci za ku tarar ya ruɓe, domin yara na son ban ruwa fiye da kima, ko hudar gwangwanin ta toshe. Yayyafi sau ɗaya da safe ya wadatar. A ɗora gwangwanayen a kan katanga, in ba haka ba awaki su gama da su.

Ku ware gwangwani biyu na gwaji: ɗaya a hana shi ruwa, ɗaya a ɓoye shi a ɗaki mai duhu. Na duhun zai yi tsawo, siriri, ganyensa rawaya. Kada ku yi saurin faɗin dalili. Ku tambaya: "Me ya same shi?" Ku saurari kowace amsa, ko da ta kauce, domin a nan ne yaro ke koyon lura da tunani.

Duk Litinin kowa ya gwada tsawon shukarsa da tsinke, ya ƙirga ganye, ya nuna saiwa da kara a jikin wanda aka tuge. A wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.