Yadda Ake Gane Asalin DNA Da Ke Cikin Gwaiduwar Ƙwan Kwaɗo

Da ruwan sama ya kankama a Kumasi, wajen watan Afrilu zuwa Yuni, kududdufan Aboabo da Asawase kan cika da ƙwan kwaɗi, yaranmu na zango suna tsokanarsu da kara. Cikin ɗan baƙin ƙwan nan akwai tambayar da ta sha kan masana shekaru: DNA ɗin da aka samu a gwaiduwa, wato sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta, daga ina ya zo? Na rubuta wannan ne domin 'ya'yanmu masu karatun ilimin halittu a Jami'ar Kwame Nkrumah, don a gwada a ɗakin gwaji, da izinin malami da kwamitin kula da dabbobi.

Da farko a nemi kwaɗo mace. Yawancin binciken da aka yi a kan nau'in kwaɗon da ake kira Xenopus laevis ne, amma ɗan'uwansa Xenopus tropicalis yana rayuwa a nan Afirka ta Yamma, har da Gana. A sumar da ita da maganin MS-222, a ciro ɗan yanki na mahaifar ƙwai, a sa a ruwan gishiri.

Mataki na biyu shi ne wanda ake raina wa, alhali a nan aikin yake lalacewa. Kowane ƙwai na lulluɓe da ƙananan ƙwayoyin halitta masu ɗauke da nasu DNA. In ba a kore su ba, sakamakon da za a samu nasu ne, ba na gwaiduwa ba. A jiƙa ƙwan a sinadarin kolajines mai saki waɗannan ƙwayoyin daga jikinsa, a wanke, a sake wankewa, a duba a madubin ƙara girma. Mai haƙuri har cibiyar ƙwan, wato babban ma'ajin DNA ɗinsa, yakan fitar: a huda ɓangaren baƙin da allura, a matsa a hankali, sai ta fito kamar ɗigon ruwa. Tana da girman da hannu zai iya aikin.

Daga nan a farfasa ƙwan cikin ruwan sukari mai sanyi, a zuba a na'urar juyi mai raba abubuwa bisa nauyinsu. Gwaiduwa nauyi gare ta, juyi kaɗan ya isa ta kwanta a gindin kwalba. A tsiyaye ruwan da ya rage a saman kwalbar a juya shi da ƙarfi, wajen 10,000 g (ninkin ƙarfin jan ƙasa sau 10,000), maitokondiriya, wato ƙananan sassan da ke samar wa ƙwayar halitta ƙarfi, su kwanta. Kada a haɗa kason biyu. A 1966 masani Igor Dawid ya nuna cewa mafi yawan DNA da ke wajen cibiyar ƙwan kwaɗo na maitokondiriya ne, don haka ko kaɗan ya zubo cikin gwaiduwa, ya ruɗa lissafi.

Sai a zuba wa gwaiduwar DNase, sinadarin da ke narkar da DNA, ya cinye duk DNA da ya manne a bayanta, a tsayar da aikinsa da sinadarin EDTA, sannan a narkar da ita da sinadaran SDS da furotinas K, a tace da finol, a kwantar da DNA da etanol mai sanyi.

Yanzu kwatanci. DNA ɗin maitokondiriyar Xenopus zobe ne, tsawonsa kusan 17,500 na tubalan gado. Wanda ƙungiyar masani Jean Brachet ta fitar daga gwaiduwa a Beljiyam a 1968 kuwa miƙaƙƙe ne, kuma ya fi kama da na cibiya. Yau da PCR, dabarar ninka yankin DNA har a iya gane shi, za a gwada kowane kaso sau biyu, da alamar maitokondiriya da ta cibiya.

Bayanin da ya fi gamsar da ni ya zo a 1979, daga masani Robin Wallace da abokan aikinsa. Furotin ɗin gwaiduwa ba a cikin ƙwai ake ƙera shi ba. Hantar uwa ce ke yin furotin bitelojinin, jini ya kai shi, ƙwan ya haɗiye. Sun nuna cewa akwai gutsattsarin DNA a jinin uwar, kuma ƙwan na haɗiye shi tare da furotin ɗin, ko na wace halitta ne. Saboda haka a ɗebi jinin uwar tun a matakin farko, a ajiye ruwansa a firiza, a fitar da DNA ɗinsa, a jera shi kusa da na gwaiduwa a kan jel ɗaya, wato faifan da ke raba DNA bisa tsawonsa, don a kwatanta su.