Yadda Za Ka Bi Sawun Auduga a Manchester Cikin Yini Ɗaya

Idan Allah Ya kai ka Manchester, kada ka tsaya a filin ƙwallo kawai. Ware yini guda, ka sa takalmi mai daɗin tafiya, ka riƙe lema, don ruwan garin ba ya sallama.

Ni daga Castlefield nake farawa. Nan ne hanyar ruwan Bridgewater ta iso, wadda aka buɗe a 1761 don jigilar kwal daga Worsley. Da zuwanta farashin kwal ya faɗi da kusan rabi, kuma da wannan kwal aka hura injinan masaƙu. Taku kaɗan za ka tarar da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Liverpool Road, ta 1830, yanzu tana cikin gidan tarihin kimiyya da masana'antu. Ta wannan layin dogo auduga ke shigowa daga tashar jiragen ruwan Liverpool.

Daga nan ka nufi Ancoats, ka tsaya gaban masaƙun Murray. Ɗaga kai ka ƙirga tagogin jan bulon nan, hawa bisa hawa. A ciki mata da ƙananan yara suka yi ta kaɗi tun duku-duku har dare, ƙurar auduga na cika musu ƙirji. Kada ka yi gaggawa a nan.

A dandalin Lincoln akwai mutum-mutumin tsohon shugaban Amurka, Abraham Lincoln. Audugar da ta azurta garin, bayi ne suka noma ta a Amurka, kuma da yaƙin basasar Amurka ya yanke ta daga 1861, yunwa ta shiga gidajen ma'aikata, amma duk da haka suka goyi bayan Lincoln a yaƙinsa da bauta.

Ƙarasa a Royal Exchange, kasuwar dillalan auduga. An daina ciniki a 1968, amma allon farashin ranar ƙarshe yana nan can sama. A ƙarƙashinsa na fi daɗewa, domin labarin ya taɓo gida. A garin nan aka kafa ƙungiyar BCGA, mai bunƙasa noman auduga ta Birtaniya, a 1902 don nemo sabuwar gonar auduga, suka zuba ido ga ƙasar Hausa, dogo ya isa Kano a 1911. Sai dai masaƙan Kano sun fi Turawa sayen auduga da daraja, manoma kuma suka ga gyaɗa ta fi riba. Taragun da aka tanada domin auduga, buhunan gyaɗa suka cika su.