Yadda Ake Karatun Digirin Koyarwa a Firamare, Daga Fom ɗin JAMB Zuwa Lasisin TRCN

A shekarar 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawar gwaji, aka sanar da cewa 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba, aka sallame su daga aiki. An daɗe ana ce-ce-ku-ce a kan lamarin. Abin da ya tsaya mini a rai tun lokacin shi ne irin shirin da ake yi wa mutum kafin a danƙa masa alli da yara 'yan shekara shida. A wurina babu ajin da ya kai aji ɗaya na firamare wuyar riƙewa, kuma ina baƙin cikin yadda matasa da yawa suke ɗaukar kwas ɗin koyarwa a firamare a matsayin wanda ake faɗawa idan an rasa gurbi a lauya ko likitanci. Idan kana da niyyar karanta shi da gaske, ga yadda hanyar take.

Fara da takardar sakamakon sakandare, domin nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, a zama ɗaya ko biyu, kuma dole Turanci da Lissafi su kasance a ciki. Wasu suna cewa ai darussan adabi suka yi, me ya haɗa su da Lissafi? Malamin firamare shi kaɗai ne yake koyar da kusan komai a ajinsa, daga ƙirga zuwa rabawa zuwa karatun baƙi da wasali. Idan D7 ko E8 ka samu a Lissafi, ka sake zaman jarrabawar tun yanzu, kada ka jira sai an ba ka gurbi sannan a tsayar da kai wurin tantance takardu.

Daga nan sai ka zaɓi ƙofar shiga, kuma ƙofofin biyu ne. Wanda ya fito daga sakandare zai rubuta UTME ta hukumar JAMB, darussa huɗu a kwamfuta, Turanci dole, sauran ukun kuma ka duba kundin bayanan JAMB ka ga waɗanda jami'ar da ka zaɓa take karɓa. Sai da lambar NIN ake rajista, saboda haka ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a katin ɗan ƙasa da kuma takardar sakandare. Harafi ɗaya tsakanin Muhammad da Mohammed ya isa ya sa mutum zarya tsakanin ofisoshi. Wannan hanyar shekara huɗu ce.

Wanda kuma yake da NCE, wato takardar shaidar malanta ta kwalejin ilimi, ko daga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya ya samo ta ko daga Zariya, zai sayi fom ɗin shiga kai tsaye, wanda aka fi sani da DE, shi ma a wurin JAMB. Aji biyu na jami'a zai fara, ya yi shekara uku. Sharaɗin kiredit biyar yana nan bai faɗi ba, kuma jami'a za ta duba makin da ka fita da shi a NCE. Ko ta wace ƙofa ka bi, idan gurbi ya fito ka shiga shafin CAPS na JAMB ka amsa shi da kanka.

Batun inda za a yi karatun, Kaduna ba ta rasa makarantun horar da malamai ba. Akwai Tsangayar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, akwai Jami'ar Ilimi ta Tarayya a Zariya wadda da can kwaleji ce, akwai Jami'ar Jihar Kaduna, wato KASU. Sai dai ba kowace tsangayar ilimi ce take da kwas ɗin firamare a ware ba, don haka ka nemi sunan kwas ɗin a jerin JAMB kafin ka cike fom, ka kuma tabbata hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, ta amince da shi. Malamin da ya riga ya kama aiki, ga iyali, yana iya bin karatu daga nesa ta jami'ar NOUN, ko Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI, wadda aka kafa a 1976, hedikwatarta kuma tana nan kan hanyar Kaduna zuwa Zariya.

To, an shiga. Me za a karanta?

A ƙarshen 2022 NUC ta fitar da sabuwar manhajar jami'o'i da ake kira CCMAS. A tsarinta kashi 70 cikin ɗari na darussa iri ɗaya ne a duk ƙasa, sauran kashi 30 kowace jami'a ta tsara nata. Kowane darasi yana da nauyi da ake aunawa da yunit. Mai shekara huɗu sai ya ci aƙalla yunit 120 kafin ya kammala, mai DE kuma aƙalla 90. A semista ɗaya ana ɗaukar tsakanin 15 zuwa 24.

Darussan sun kasu gida uku. Akwai na gama-gari da kowane ɗalibin jami'a yake yi, masu lambar GST da ENT: sadarwa da Turanci, al'ummomin Najeriya da al'adunsu, falsafa da mandiƙi, zaman lafiya da sasanta rikici, sai koyon dogaro da kai ta sana'a. Ba su da tsauri, amma dole ne a ci su, kuma raina su ne yake jawo wa mutum maimaici. Akwai na tsangayar ilimi masu lambar EDU: tushen ilimi da tarihinsa, halayyar ɗan'adam wajen koyo, tsara manhaja, hanyoyin koyarwa, yadda ake shirya jarrabawa da auna ƙwazon ɗalibi, da dabarun bincike.

Kashi na uku shi ne zuciyar kwas ɗin, kuma a nan nake roƙonka ka zuba ƙarfinka. Za ka karanci yadda yaro yake girma a jiki da tunani, da dabarun koyar da karatu da rubutu, lissafi, kimiyya, zamantakewa, zane da wasannin motsa jiki, da yadda ake kula da yaro mai buƙata ta musamman. Sanin cewa bakwai sau takwas 56 ne daban, iya sa yaro ɗan shekara takwas ya gane dalilin hakan daban. Na farko kowa ya sani. Na biyu sai ka zo da marafan kwalba ko tsinken tsintsiya, ka jera su layi bakwai, kowane layi takwas, yaron ya ƙirga da hannunsa. Haka wajen karatu: yaro yana fara jin sautin harafi, ya haɗa b da a ya ce ba, ya haɗa ba da ki ya ce baki, kafin ya kai ga jimla. Malamin da bai san wannan tsani ba sai ya rubuta jimla a allo, aji ya amsa da ƙarfi kamar an iya, alhali hadda ce kawai. Ka rufe allon ka nuna wa yaro kalma ɗaya a littafi, sai ya yi shiru. Ka tuna kuma a aji ɗaya a Kaduna za ka iya samun mai jin Hausa, da mai Gbagyi, da mai Fulatanci, da mai Jju ko Tyap, kowa da harshen da aka yi masa magana da shi a gida kafin ya fito. Duk darasin da ya shafi harshe da koyo, kada ka yi wasa da shi.

Kafin a tura ka makaranta za ka yi ƙaramin gwaji a gaban 'yan ajinku, ka koyar na 'yan mintuna su yi maka gyara. Bayan nan sai koyarwar gwaji, wadda ɗalibai suke kira TP, sau biyu, a aji uku da aji huɗu na jami'a, kowanne na makonni. Ba a ba da digirin ilimi sai an ci ta. Ranar farko ka gai da hedimasta, ka nemi malamin ajin ya ba ka jadawalin darussan zango, ka gina shirin darasinka a kansa. Kowane shiri ya nuna abin da yaro zai iya yi a ƙarshen darasi, kayan koyarwar da za ka yi amfani da su, da tambayoyin da za ka auna shi da su. Malamin da jami'a za ta turo ya duba ka ba lallai ne ya sanar da ranar zuwansa ba, kuma littafin shirin darasi zai fara nema. Shawarata ita ce ka roƙi a tura ka makarantar gwamnati mai cunkoso, irin waɗanda ake da su a Rigasa ko Tudun Wada, ka kuma karɓi ƙaramin aji. Wanda ya iya tsayar da hankalin yara masu yawa na rabin awa ba tare da bulala ba, ya koyi abin da babu lakcar da za ta ba shi.

A lura da maki tun semistar farko. Darajar A tana farawa daga maki 70, kuma a lissafin sakamako biyar ake ba ta. B daga 60, C daga 50, D daga 45, E daga 40, ƙasa da haka faɗuwa ce. Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga CGPA, wato matsakaicin sakamakon duk semistoci, na 4.50, ta biyu babba daga 3.50, ta biyu ƙarama daga 2.40. Darasi mai yunit uku ya fi mai yunit biyu ja ko ɗaga sakamako, kuma ƙa'ida ita ce halartar kashi 75 cikin ɗari na lakca kafin a zauna jarrabawa. Idan kuɗin makaranta ya yi nauyi, akwai bashin karatu na NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati.

A shekarar ƙarshe akwai kundin bincike. Ka ɗauko matsalar da ka gani da idonka lokacin TP, misali abin da ya sa 'yan aji uku a makarantar da ka koyar ba sa iya karanta gajeren labari, ka yi bincikenka a kai. Ya fi sauƙin karewa a gaban malamai, kuma zai amfane ka a aji.

Bayan digiri sai bautar ƙasa ga wanda bai haura shekara 30 ba lokacin kammalawa. Saura kuma rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai da aka kafa a 1993. Za ka rubuta jarrabawarta ta cancanta a kwamfuta, idan ka ci a ba ka satifiket da lasisin koyarwa, wanda ake sabuntawa lokaci zuwa lokaci. Ka haɗa su wuri ɗaya da takardar digiri, sakamakon sakandare, takardar bautar ƙasa ta NYSC da ta shaidar ƙaramar hukuma, ka yi kwafinsu, domin idan hukumar ilimin firamare ta jiha, wato SUBEB, ta buɗe ɗaukar malamai kwanakin da ake bayarwa ba su da yawa.