Yadda Za Ki Samu Ƙaramin Lemun Tsami Sabo Don Yin Kek, Har Ki Mallaki Bishiyarsa A Gida

Akwai wani kek mai laushi da ya ɗauko suna daga tsibiran Keys da ke kudancin jihar Fulorida ta Amurka, mutanen can suna ce masa Key lime pie, kuma a 2006 jihar ta ayyana shi a matsayin nata a hukumance. Kayan haɗinsa ba su taka kara sun karya ba: gwaiduwar ƙwai, madarar gwangwani mai kauri da zaƙi, dakakken biskit da bota a ƙasa, sai ruwan lemun tsami. Tunda kayan kaɗan ne, lemon ba shi da wurin ɓuya. In sabo ne nunanne, kek ya haɗu. In kuwa ya kwana biyu a kan kanta, ko ruwan kwalba aka zuba, harshe zai tona asiri tun a cokalin farko. Shi ya sa nake ganin rabin aikin wannan kek a wajen neman lemo yake.

Da farko ki san wanda kike nema, don lemun tsami kore iri biyu ne suka cika kasuwannin duniya. Akwai babba mai ɗan tsawo, mai kaurin ɓawo, marar ƙwallo a ciki, wanda ake kira na Farisa ko na Tahiti. Akwai kuma ƙarami mai kama da ƙwallon wasa, faɗinsa daga santimita 2.5 zuwa 5, ɓawonsa siriri, cikinsa cike da iri. Wannan ƙaramin shi ne namu. Masana suna kiransa Citrus aurantiifolia, asalinsa kudu maso gabashin Asiya, ya bi ta ƙasashen Larabawa da Arewacin Afirka ya shiga Sifaniya, daga nan jiragen ruwa suka haye da shi tsibiran Karebiyan. Ya fi babban tsami, ya kuma fi shi ƙamshi nesa ba kusa ba. Abin da ya sa babban ya mamaye kantuna shi ne yana jure doguwar tafiya, bishiyarsa kuma ba ta cika ƙaya ba. Hatta a tsibiran da suka ba shi suna, guguwar 1926 ta lalata gonakinsa, noman bai sake komawa yadda yake ba. A yau mafi yawan wanda ake sayarwa a Amurka daga Meziko yake zuwa, inda jihohin Colima da Michoacán suka yi fice a nomansa.

In kina ƙasar da manyan kantuna ba sa ajiye sai babban, ki leƙa shagunan da ke sayar da kayan abincin mutanen Latin Amurka, Karebiyan ko Asiya. Galibi a ƙaramar raga ake ɗaure shi.

Wajen zaɓe ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Ido yana son kore shar, alhali kore alamar an tsinke shi da wuri ne don ya kai kasuwa. Ƙaramin lemun tsami in ya nuna rawaya yake komawa, a lokacin ne ruwansa ke yawa, kaifin tsaminsa ya ɗan kwanta, ƙamshi ya fito. Ki ɗauki ɗaya a tafin hannu. Ya yi miki nauyi fiye da girmansa? Fatarsa sumul take tana sheƙi? In kin danna da yatsa yana ɗan lotsawa ya dawo? To, ki karce ɓawon da farce ki shinshina. Mai kyau ƙamshinsa zai bugi hancinki nan take, har ki ga ɗan mai ya jiƙa farcen. Wanda ya yi tauri kamar dutse, ko fatarsa ta yi ruwan ƙasa ta bushe kamar ƙirgi, ki bar shi. Kek ɗaya yana cin kusan rabin kofi na ruwa, wato mililita 120, kuma hakan na buƙatar lemo wajen 20. Ki sayi 25, don ba a rasa wanda zai ba da kunya.

Amma lemon da ya fi kowanne ba a kanti yake ba, yana bayan gidan wani. Duk inda ake da zafi, za ki tarar da gidajen da ke da bishiyar da ta fi ƙarfin masu ita. Wannan lemo in ya gama nuna da kansa yake faɗowa, sai ki ga ƙarƙashin bishiya ya yi rawaya da sassafe, wasu da raɓa a jikinsu, masu gida sun gaji da tsinta. Ki yi sallama ki nemi izini, ko da reshen ya tsallako katanga ne, domin bishiya tana da mai ita. Ki tambayi abu biyu: yaushe aka yi mata feshin magani na ƙarshe, kuma wane iri ne. Wannan tambayar ta zama dole, tunda ɓawon ma za ki ci. Ki tafi da safar hannu ko riga mai dogon hannu saboda ƙaya, ƙanana ne amma kaifi gare su. Kada ki jijjiga bishiyar, za ki zubar da fure da 'ya'yan da ba su ƙosa ba. Ki tsinci waɗanda suka faɗo ranar, ki ƙara da waɗanda suka biyo hannu da ɗan murɗawa kaɗan. Ganye da rassa kuwa ki bar su a can, zan faɗi dalili a gaba. In kin gasa kek ɗin, ki yanka ki aika wa masu gidan. Alheri danƙo ne, baɗi su za su aiko a kira ki.

Da kin dawo, ki wanke, ki goge saman ɓawon da magogi mai ƙananan ƙofofi kafin ki yanka, kada ki kai ga farin ciki don ɗaci gare shi. Sannan ki murza kowane lemo a kan tebur da tafin hannu, ki raba biyu, ki matse a kan rariya. Abin matse tafarnuwa mai tsabta yana sauƙaƙa aikin sosai, rabin lemo yana shiga cikinsa daidai. Ki kaɗa gwaiduwa 4 da gwangwanin madara mai giram 397, ki zuba ruwan lemon. Za ki ga haɗin ya fara kauri tun kafin ya ga wuta, tsamin ne ke kama sinadarin gina jiki na madara da ƙwai. Ki juye shi a kan dakakken biskit da bota, minti 15 a tanda mai zafin digiri 175 na ma'aunin Salshiyos ya isa. Launinsa rawaya-rawaya ne, ba ya buƙatar kalar kore. Ragowar ruwan ki daskarar a farantin ƙanƙara, ɓawon kuma a ƙaramin mazubi a firiza.

Abu ɗaya da ba na so ki manta: ki wanke hannu da sabulu kafin ki fita rana. Na taɓa matse lemo a tsakar gida da hantsi, na ci gaba da shanya ba tare da na wanke hannu ba. Bayan kwana biyu bayan hannuna ya yi ja ya tashi kamar ƙunar ruwan zafi, tabon ya yi watanni bai gushe ba. Akwai sinadari a ruwan da ɓawon da ke ƙona fata in ya haɗu da hasken rana.

Yanzu sai maganar taki bishiyar. Wannan lemo yana da wata baiwa da 'yan'uwansa da yawa ba su da ita: in kin shuka irinsa, galibi kamar uwarsa yake fitowa. Ki wanke iri daga nunanne, ki shuka shi da ɗanyensa a zurfin santimita ɗaya, don in ya bushe ƙarfinsa raguwa yake. Sai dai haƙuri, zai ɗauki shekara uku zuwa biyar kafin ya yi 'ya'ya. Mai gaggawa ta sayi dashe mai aure, wato wanda aka haɗa reshensa da tushen wata bishiyar lemo, shi a shekara ɗaya ko biyu ake fara cin moriyarsa.

Wurin sayen dashen ba abin wasa ba ne. Akwai cutar da ake kira huanglongbing, wadda wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai tsotsar sabon ganye ke yaɗawa. An gano ta a Fulorida a 2005, a Kalifoniya a 2012, kuma har yau babu maganin da ke warkar da bishiyar da ta kamu. Ganye ya yi rawaya ɓangare guda, 'ya'ya su karkace su yi ɗaci, bishiya ta mutu a hankali. Shi ya sa wurare da yawa suka hana ɗaukar dashen lemo ko rassansa daga yanki zuwa yanki. Ki saya a gandun reno mai rajista da ke kusa da ke, kada ki karɓi reshe daga nesa komai kyansa.

Ki zaɓa mata wurin da rana ke kaiwa awa shida zuwa takwas, ƙasar kuma ba ta riƙe ruwa. Ramin ya fi tushen faɗi sau biyu, amma kada ya fi shi zurfi, gaɓar auren ta kasance a sarari sama da ƙasa. Da yawa daga bishiyoyin lemo da ke mutuwa a gida, zurfin dashe da yawan ban-ruwa ne ajalinsu. Ki tura yatsa cikin ƙasa, in da danshi ki bari sai gobe. Taki sau uku ko huɗu a shekara, a zagaye daidai inda inuwar rassa ta tsaya, ba a jikin gindi ba. Duk tohon da ya fito ƙasa da gaɓar aure ki cire shi, na tushen ne, zai shanye ƙarfin bishiyar.

In kina ƙasar sanyi, ki sani a dangin lemo wannan yana cikin waɗanda suka fi tsoron hunturu, da zarar ruwa ya fara daskarewa ya illata. Ki sa shi a babbar tukunya mai huji a ƙasa, ya sha rana a waje lokacin zafi, ki shigo da shi bakin taga kafin sanyi ya kankama. In da sauran fili, ki haɗa masa da lemon Meyer, wanda wani mai binciken tsirrai, Frank Meyer, ya kai Amurka daga Sin a 1908. Tsaminsa da sauƙi, yana kuma zama lafiya a tukunya.

A shekarar farko, in dashen ya fitar da 'ya'ya, ki daure ki tsinke mafi yawansu tun suna kamar ƙwayar wake. Da wuya a rai, na sani, amma ƙarfin da zai tafi wajensu saiwa da rassa ne ke buƙatarsa a wannan shekarar.